Masu Gida Na Ƙarƙashin Ruwa

Lokacin da muke yara, a ƙauyenmu na bakin Kogin Kwara tsakanin Illo da iyakar Benin, akwai wani gurbi mai zurfi da ba a jefa ko ƙugiya a cikinsa sai ranar su, wato kamun kifi na gayya, sau ɗaya a shekara, bayan Sarkin Ruwa ya ba da izini. Sarautar a gidanmu take. Kakana ya riƙe, mahaifina ya riƙe, wana ya gaje shi. A cikin jirgi kuwa ba mai kiran sunan kada ko ayu, babbar dabbar ruwan nan. Sai dai a ce mai gida ya motsa, kowa ya janye hannunsa daga ruwa. Yau yara na shiga gurbin da taru mai ido kamar gidan sauro, wasu ma da gidan sauron kansa, kuma komai suka gani da sunansa suke kiransa.

Ni ban riƙe sarautar ba, don tun ina saurayi na bar ruwan gida. Na bi 'yan kasuwa zuwa Kwatano, daga can na shiga aikin jirgin ruwa, na yi shekaru ina zuba wa injuna mai, muna zirga-zirga tsakanin Abijan da Dakar da tashoshin Turai. Na dawo da Faransanci da guntun Ingilishi a kan Hausa da Dandanci da Fulatancin da na tashi da su, amma gurbinmu ban san cikinsa ba. Da wana ya rasu bai bar ɗa namiji ba, sai dattawa suka zo zaurena. Suka ce, "Alhaji, kai ƙafa ta yi nauyi. Babban ɗanka fa? Mun ji shi ma ruwa ne aikinsa." Suka ce za su jira har ruwa ya janye. In bai zo ba, sarauta ta koma wani gida.

Ɗan nawa karatun halittun ruwa ya yi, karatun ya ja shi har wata ƙasa ta masu jin Sifaniyanci, inda yake aiki a jirgin da ke kai masu nutso wani tsibiri a tsakiyar teku. Ya daɗe yana roƙona in je in gani. Irin wannan magana ba ta waya ba ce, don haka na ce masa ina tafe, ban faɗa masa dalili ba.

Daga gaɓa mun yi tafiyar da sai da na daina tambayar ko mun kusa. Na sha teku a rayuwata, amma kullum akwai tashar da ake nufa, da kaya da 'yan dako da hayaniya. Nan ba komai. Wata safiya dai muka ga baƙin dutse ya fito daga ruwa, tsaye kamar an sare shi da gatari, ba rairayi, ba itacen kirki, samansa fari fat da kashin tsuntsaye. Ɗana ya ce tsohon dutse ne mai aman wuta, ya daɗe da mutuwa, abin da muke gani kansa ne kawai. Ba mai zama a kai sai masu gadi.

Wata mata ce shugabar masu gadin. Ta hau jirginmu ta karanta dokoki: ba kamun kifi, ba jefa abinci a ruwa, ba ɗaukar ko tsakuwa, wanda zai taka dutsen sai an wanke masa takalmi. Ɗana na fassara mini, ni kuwa raina na yin sanyi, don duk na san su. Na ce masa, "Ai wagga ita ce Sarkin Ruwansu." Ya yi dariya ya faɗa mata, ita ma ta yi. Na ce a raina, ashe yaron bai yi nisa da gida ba, maganata za ta yi sauƙi.

Abin da ya fara tayar mini da hankali shi ne bakin mutanen jirgin. Manyan kifayen nan masu haƙora da suke kira shak, waɗanda dominsu mutane ke ƙetaro duniya, a kan ruwan ake ta kiran sunansu, ana shewa, ana nuna tsawonsu da hannu. Ni na kasa. Na ce wa ɗana, "Masu gidan nan, suna da yawa ƙasa?"

"Waɗanne masu gida, Baba?"

"Ka san abin da nike nufi."

"Shak? Ɗaruruwa. Wasu kansu kamar guduma. Ka faɗi sunan mana, Baba, ba su jin Hausa."

"Kada ma ba ya jin Hausa, amma kakanka bai taɓa gwada shi ba."

Ya goya tulun iska a baya, ya sa gilashi a fuska da takalma kamar ƙafar agwagwa, ya zauna a bakin ƙaramin jirgi tare da baƙinsa, suka kifa da baya cikin ruwa. Na zauna ina kallon kumfa. Ruwan ya yi shuɗi har ya koma baƙi, igiyar ruwa na bugun dutsen tana ja da baya da ƙara. Na ja carbi har yatsuna suka yi zafi. Da suka fito suna ta murna, shi ya ɗago mini hannu, ni ban iya ɗaga nawa ba.

Da rana shugabar masu gadi ta zo cin abinci tare da mu. Tana ɗan jin Faransanci. Ta dube ni ta ce, "Tun da ka zo ban ji ka kira sunan ɗanka ba. Kun yi faɗa ne?" Na yi ƙoƙarin bayyana mata cewa ɗan fari ne, a wurinmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, kunya ce, ba gaba ba. Faransancina da ya yi mini ciniki a tashoshi da yawa ya kasa ɗaukar kalmar kunya. Ta gyaɗa kai irin na wanda bai gane ba amma ba ya son ya matsa. Ɗana bai ɗago daga kwanonsa ba.

Bayan la'asar na same shi shi kaɗai a bayan jirgi yana wanke kayan nutso, na faɗa masa saƙon dattawa. Sai ya ɗauko wayarsa ya nuna mini hotunan kifayen, ɗaya bayan ɗaya. Wannan tana da tabo a gefe, wannan ƙugiya ta yaga masa baki, kowanne da sunan da suka raɗa masa. Ya ce ɓarayi na shigowa da dogayen igiyoyi masu ƙugiya, su yanke fukafukan kifin su jefar da shi da rai. In mai tabo ta yi shekara ba a gan ta ba, sun san an rasa ta, su kai ƙara.

"Baba, yaushe aka ga ayu na ƙarshe a gurbinmu?"

Na ce ban sani ba.

"Ba wanda ya sani. Ana ta cewa mai gida shina nan, mai gida shina barci, ashe gidan ba kowa. In na koma, mi zan tsare?"

"Ka tsare gidanku. Ka tsare maganar kakanka."

"Da mi? Masu zuba maganin ƙwari a ruwa za su ji ni don na ɗaura rawani? Nan in na ce an yi ɓarna, jirgin masu gadi ke tashi."

Na ce masa ruwan wasu yake gadi. Ya ce ruwa duk na Allah ne. Raina ya ɓaci, na ce to ai uba ba na kowa ba ne. Sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce, a hankali, ba da tsiwa ba, "Baba, ni ma ba ka taɓa kiran sunana ba. Ina yaro ina jin kana kiran ƙannena, ni sai kai, sai wanga yaro. Na san al'ada ce. Amma har na bar gida ban san ko kana ganina ba."

Sunan yana bakina. Sunan mahaifina ne, ni na raɗa masa. Na buɗe baki, ya ƙi fita, kamar yadda sunan kifin ya ƙi fita da safe. Na ce, "Allah ya yi maka albarka." Ya ce amin, ya ci gaba da wankinsa.

Sauran kwanakin ya kula da ni ƙwarai. Shi ke nuna mini alƙibla duk lokacin da jirgi ya juya, shi ke ware mini abincin da zan iya ci. Kullum yana shiga ruwa, kullum ina zaune ina bin kumfarsa da ido. Ban sake tayar da maganar ba, shi ma bai tayar ba. Na yi ta auna ta: wa ke da gaskiya, mu da muka tsare ruwa da tsoro da shiru har abin cikinsa ya ƙare muna kallo, ko su da suke shiga tsakiyar masu haƙora suna ƙirga su kamar awakin gida? Har yau ban gama aunawa ba.

Na dawo gida ruwa ya fara janyewa. Na je wurin dattawa da kaina, don kada su wahala su zo, na ce yaron ba zai samu zuwa ba. Ba su tambaye ni dalili ba. Bayan sallar Juma'a suka naɗa wani mutumin kirki daga unguwar gabas, na je na yi masa mubaya'a. Daga ranar sarautar ruwa ta bar gidanmu, kuma ba za ta dawo ba.