Motar da Ƙanena Ya Bar Mini Yana Raye

Ban taɓa sha'awar mota ba. Shekarun da na yi ina koyarwa a lekol, wato makarantar boko, duk a kan ƙaramin babur na yi su, tsakanin Matameye da ƙauyukan Kurni, kuma ya ishe ni. Ƙanena ne mai son mota. Tun yana saurayi yake tafiya cin rani Kano, daga baya ya zarce Legas, ya koyi gyaran inji, ya daina dawowa da damina, sai dai da salla. Da ya tashi dawowa gida gaba ɗaya, furfura ta riga ta fara fito masa. Abokan tafiyarsa kwanon rufi da siminti suka zo da su. Shi mota ya zo da ita, baƙa, gajeruwa, cikinta kamar zai taɓa ƙasa, mai turbo.

Ni ban san mene ne turbo ba sai da ya buɗe gaban motar ya nuna mini. Wani ƙarfe ne mai kama da dodon koɗi, hayaƙin da inji ke fitarwa shi ke juya shi, shi kuma ya riƙa tura iska da ƙarfi cikin injin, sai ƙaramin inji ya yi aikin babba. Ya ce da hannunsa ya ƙara mata ƙarfi a can Legas. Ya sauya mata salansar hayaƙi, ya sa mata babban abin sanyaya iska, ya kai ta aka taɓa kwamfutarta. Mutanen gari suka yi ta magana, wai wane mai hankali zai sayi motar da ba ta iya shiga yashin hanyar gona. Bai kula su ba. Da la'asar yakan hau kwalta ya nufi Kance, ni kuma daga ƙofar gida ina jiyo wani siririn fito da take yi idan ya taka ta.

Bai daɗe yana jin daɗinta ba. Ashe da ciwon sukari ya dawo, ya riga ya yi nisa a jikinsa, kuma ido ya fara taɓuwa. Wata rana da hantsi ya kusa hawa kan amalanken shanu a bakin kasuwa, bai gan shi ba sai da mutane suka yi ihu. Ya dawo gida a hankali, ya aika aka kira ni. Na same shi zaune a gindin dogon yaro, makullin motar yana hannunsa.

"Yaya, daga yau kai ne mai ita," ya ce.

Na ce, "Ni da rabona da sitiyari tun ranar da aka ba ni permin tuƙi?"

"Za ka tuna. Ni zan zauna a gefenka."

Haka na zama mai mota ba da so na ba. Kowace safiya sai ya lallabo ya zauna a kujerar gefe, ya koya mini ita kamar yadda na koya wa 'ya'yan mutane haruffa. Idan na tayar da ita, ba ya barin in taka da ƙarfi. Yakan ce in tafi sannu har sai inji ya yi ɗumi, don baƙin mai ya kai ko'ina tukuna. Idan muka dawo daga doguwar tafiya na kai hannu zan kashe, sai ya riƙe mini wuyan hannu.

"Bar ta ta huce, Yaya. Turbon ya yi ja yanzu. In ka kashe, man da ke cikinsa ƙonewa zai yi ya daskare, ya toshe hanya."

Sai mu zauna cikin mota a ƙofar gida, inji na aiki a hankali, makwabta na wucewa suna kallonmu kamar waɗanda suka rasa abin yi. A irin wannan zaman ne ya ba ni labarin Legas fiye da duk abin da ya taɓa gaya mini: ɗakin da suke kwana su da yawa, ruwan da ke shiga gareji har gwiwa, yadda ya ga motar a lalace a bayan gidan wani, ya yi ta tada ta guntu-guntu.

Ya hana ni sayen fetur na kwalba a bakin hanya, duk da shi kowa ke sha a garin nan. Ya ce irin wannan inji ba ya jure man da aka gauraya, ƙwanƙwasa zai riƙa yi daga ciki har ya huda kansa. Baƙin mai kuwa, kada in jira lokacin da aka rubuta, in riga shi canzawa, saboda zafinmu da yashinmu. Matatar iska in ciro ta in duba duk mako. Idan na ga hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, in tsaya a inda nake. Na tambaye shi ko in bari wani ya sake ƙara mata ƙarfi, don wani mai gareji ya yi mini tayi. Ya ce kada in bari kowa ya taɓa, ƙarfin da shi ya ƙara mata ma da ya sani da bai kai haka ba.

Ban saɓa ko ɗaya ba. Na riƙe motar nan da tsoro da kulawa, don na ga ita kaɗai ke fitar da shi daga ɗaki. Idonsa na dama ya tafi, na hagu ya rage inuwa kawai. Muka riƙa zuwa asibiti Damagaram, ana duba shi, ana ba shi magani, ana cewa mu dawo. A hanya yakan jingina kai da gilashi yana saurare. Wani lokaci ya ce, "Taka ta kaɗan mana, Yaya, in ji muryarta." Sai in taka, fiton nan ya tashi, motar ta manna mu da kujera, in ga bakinsa ya motsa. Ni kuwa nan da nan sai in sassauta.

Da aka rufe iyakar ƙasa, abubuwa suka yi wuya. Irin baƙin man da yake so daga Kano ake kawo shi, ya ɓace daga kasuwa. Na yi ta nema har na samu galan guda a wani shago, da tambarinsa da hatiminsa. Ƙanena ya buɗe, ya shinshina, ya murza tsakanin yatsu, ya ce yana ganin shi ne. Da idonsa na nan, wataƙila da ya gane. Ban sani ba har yau ko man ne, ko kuwa lokacin turbon ne ya yi.

Ranar da abin ya faru, muna dawowa daga asibiti ne da azahar, kuma likita ya riga ya gaya mana cewa babu sauran aikin da za a yi wa idon hagu.  Mun wuce Takeita kenan sai fiton ya sauya, ya koma wata irin ƙara kamar ana wasa wuƙa. Kafin in duba madubi ƙanena ya ce, "Tsaya." Na tsaya. Hayaƙi ya rufe bayanmu, warin ƙonannen mai ya cika motar. Na tambaye shi ko in bar ta ta huce kamar kullum.

"Kashe ta," ya ce. "Babu abin da zai huce kuma."

Wata motar kaya ce ta ja mu har gida. Yana zaune a ciki ana jan mu, hannuwansa a kan cinya, yara na bin mu da gudu a bakin gari.

Bai haƙura nan da nan ba. Ya sa na shimfiɗa tabarma a gaban motar, ina miƙa masa sifana, yana kwance ƙusoshi da lalube. Ya ciro turbon ya ɗora a cinyarsa, ya sa yatsa ciki, ƙarfen tsakiya na lilo, fukafukan sun karairaye. Muka aika Damagaram, babu irinsa. Muka aika Maraɗi, aka kawo wani na hannu, ya shafa shi ya ce ba zai zauna ba, amma duk da haka muka gwada. Yini guda yana fama, ƙusa ta faɗi cikin yashi ya yi ta lalube, in na ce ga ta nan ya ce in bari. Da aka ɗaura muka tayar, hayaƙin ya fi na da. Guntayen ƙarfe sun riga sun shiga cikin injin. Ya goge hannu da rigarsa, abin da ban taɓa gani ya yi ba, ya ce in kama shi in kai shi ɗaki.

Daga ranar bai sake zama a ƙofar gida ba. Damina ta sauka, ciyawa ta fito a ƙarƙashin motar, tayoyi suka sace, kaji suka mayar da inuwarta wurin kwanciya. Nakan shiga wurinsa bayan sallar asuba in ce ana cewa akwai irin injin a Kwatano, ko in ce wani direba ya yi alkawarin dubo mana. Yakan ce, "To, Yaya," ya juya fuska bango. Matarsa ta ce mini ko rediyo ya daina kunnawa.

Da kaka wani Alhaji mai fataucin rake daga Dungu ya zo ya ga motar. Ya ce zai cire injin ya sa na ƙaramar mota marar turbo, ya ɗaga ƙafafunta, ya cire kujerun baya don kaya. Na shiga na gaya wa ƙanena duk abin da mutumin ya ce, ban rage komai ba, ina fatan ya yi fushi, ya tashi zaune ya ce ba a isa ba.

Ya ce, "Ai taka ce."

Jakuna biyu da samari suka ja ta zuwa gareji. Yanzu nakan gan ta ranar kasuwa, an yi mata fenti fari, rake ya leƙo ta baya har yana jan ƙasa. Ban gaya masa ba, shi ma bai tambaya ba. Da la'asar nakan je in zauna a bakin gadonsa, in ba shi labarin wanda ya rasu da wanda aka haifa, ya ce Allah ya jiƙa, ya ce Allah ya raya. Idan magana ta ƙare sai in ci gaba da zama har a kira magariba, in kama hannunsa in kai shi inda butarsa take.