Sha Biyun Ranar da Ba Tamu Ba

Ko tsufa zai tafi da dukkan abin da na sani, ba zai tafi da yinin da aka kasa ɗana a kasuwa ba. Ina aiki a ofishin jakadanci a Alƙahira a lokacin, shekara biyu bayan juyin da aka yi a Masar.

Ɗan nan nawa a Kanada aka haife shi sa'ad da nake aiki can, ya tashi da wasan hoki na kan ƙanƙara har ya zama sana'arsa. Wata safiya ya kira ni gida a unguwar Zamalek, murya a sanyaye. Ya ce ƙungiyarsa na son mayar da shi ƙaramin reshenta da ke kusa da garinsu, amma ƙa'idar wasan ba ta yarda ba sai an tallata shi ga sauran ƙungiyoyi na tsawon yini guda. Wadda ta nema kafin sha biyun ranar gobe, nata ne, ba a tambayar yardarsa. In kuwa masu nema sun yi yawa, wadda ta fi kowa koma baya ake ba.

"Baba, ku roƙa mini kada kowa ya so ni," in ji shi.

Ban taɓa jin ɗa ya nemi irin wannan addu'a ba. Amma matarsa na kan watan haihuwa, cikin fari, ba ta da dangi ko ɗaya a garin.

Washegari ni da mahaifiyarsa muka tsare agogon falo. Sha biyu ta buga, waya shiru. Aka kira azahar, waya shiru. Hajiya ta yi sujada ta ce khalas, shi ke nan, yaro ya tsira. Ta ɗora tukunyar shinkafa da nama, na ɗauki tasi na kai wa ɗaliban ƙasarmu da ke unguwar Darrasa sadakar godiya. Suka ci, suka yi mana barka, wani dattijon cikinsu har ya zolaye ni cewa ni ne uban farko da ya yi walima domin an ƙi ɗansa.

Ina cikin cunkoson hanyar dawowa, bayan magariba, wayar ta yi ƙara. Sai a lokacin sha biyun tasu ta Kanada ta cika, ba tamu ta Alƙahira ba. Ashe ba a bayyana wanda ya nema sai wa'adi ya ƙare, shirun da muka yi wa murna ba ya nufin komai. Wata ƙungiya da ke can ɗaya ƙarshen ƙasar, wadda ba ta san daɗin nasara ba, ita ta ɗauke shi, kuma a ranar zai hau jirgi.

Direban tasin ya dube ni ta madubi ya ce ma'alesh, ya Hajj, wato sai haƙuri.

Ba a yi mako ba matar tasa ta haihu. Maƙwabciya ce ta kai ta asibiti. Jikana na fari, waya aka kanga masa a kunne na yi masa kiran salla, ubansa yana filin atisaye.

Tun daga ranar, in aka ce mini wa'adi, sai na tambayi agogon wa za a duba kafin na ɗaga hannu godiya. Na kuma gane cewa sana'ar da za ta tallata mutum ba ta tambayar wa ya bari a gida.