Dillalin da Bai Ɗaga Kai Ba

Ƙanena dillalin gidaje ne, kuma tun yana saurayi ake ce masa Lafiya Lau. Ofishinsa benci ne a bakin shagon mai aski. Jarinsa tsohon babur da tarin makullan da masu gidaje suka damƙa masa. Makullan nan su ne abincinsa.

Ba maƙaryaci ba ne. Ciwonsa ɗaya, yana amsa tambayar ciniki kamar yana amsa gaisuwa. Yaya famfon gidan? Lafiya lau. Yaya maƙwabta? Lafiya lau. Da haka ya yi furfura a sana'ar, Allah yana rufa masa asiri.

Sai wani mai siminti ya zo neman shago. Ƙanena ya kai shi wani da ya daɗe a rufe a ƙarshen layi. Kafin mutumin ya sa hannu, ya tambaya: "Rufin nan ba ya yoyo? Kayana ba sa shiri da ruwa."

"Lafiya lau, ɗan'uwa. Ko ɗigo."

Bai taɓa ɗaga kai ya kalli silin ɗin ba, balle ya hau ya duba kwano. Ruwan farko da aka yi, buhunan siminti suka koma duwatsu.

Mai simintin ya kai ƙara. Ni na raka ƙanena kotu, don matarsa ta ce ƙafarta na ciwo. Ya rantse bai san rufin ya lalace ba. Alƙaliya ta ce ta yarda. Har ya fara washe baki.

"Amma ka duba kafin ka faɗa?"

"Ranki ya daɗe, ai mai shagon bai ce mini..."

"Ka duba?"

"Ban duba ba."

Ta ce masa ba yaudara ake tuhumarsa da ita ba, sakaci ne. Sana'arsa ce ya sani, ya tabbatar da abin da bai bincika ba, kuma a kan maganarsa mutumin ya shiga yarjejeniya. Aka soke hayar, aka ɗora masa asarar simintin.

A hanya ya ce, "Yaya, wallahi ban yi ƙarya ba."

Na ce, "Na sani. Ai maƙaryaci ya fi ka, shi ya san yadda rufin yake."

Babur ya tafi a biyan diyya. Masu gidaje suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna karɓar makullansu, kowa da uzurinsa. Mai aski kuwa kullum sai ya leƙo: "Lafiya Lau, yaya sama?"

Yanzu yana aron tsani duk sanda zai nuna ɗaki, ga gwiwa ta ƙi. Ba a cika kiransa ba. Rannan na tarar da shi a bencin, ya rame, 'yan makullan da suka rage suna kan cinyarsa. Na zauna, don ni ma hanya ta gajiyar da ni.

Na ce, "Yaya jikin?"

Ya kalli titi.

"Ban duba ba, Yaya."