Hannun da Ya Warke Ban Faɗa Ba

Ni ne mai laifi, ba baffana ba, kuma na daɗe da sanin haka kafin bakina ya iya faɗa. Har yau idan na ji warin man kaɗe sai dariya ta kama ni, sannan kunya ta biyo baya.

Ina aji huɗu a firamare lokacin, a ƙauyenmu da ke tsakanin Kiyawa da Jahun. Baffa, ƙanin babana, shi ne malamin ɗakin shan magani na garin. Wata bazara aka kawo rigakafin sanƙarau, aka jera mu a gindin darbejiyar makaranta. Ina da maruru a damtsen hagu, saboda haka baffa ya yi mini allurar a dama. Bayan kwana uku wuyan hannuna ya kumbura, ya ɗau zafi, ko ludayi ba na iya riƙewa. Wannan kam gaskiya ne. Baffa ya duba, ya ce yakan faru jefi-jefi, ya ba ni ƙwayoyi, ya naɗe da bandeji, ya ce kwana kaɗan zai saɓe.

Kakata, mahaifiyar babana da baffa, wadda duk gidan ke kira Iya, ta gan ni ina kai loma da hagu, sai ta ƙwace kwanon. Ta ce muddin tana raye jikanta ba zai ci abinci da hagu ba. Ta mai da ni ɗakinta. Da safe ta gasa hannun da ruwan ɗumi, ta shafe shi da man kaɗe, sannan ta ba ni abinci a baki: tuwon dawa da miyar kuka da man shanu, fura mai kauri, wani lokaci har da ƙwan zabi. Irin wasan kaka da jika, maigida take kirana.

"Buɗe baki, maigida. Ka ga daɗin auren tsohuwa ko?"

"Ni ba na son mata marar haƙori."

"To tashi ka je wajen mai haƙorin ta ba ka ƙwai."

A rana ta shida da kumburin na farka na juya hannun, ban ji komai ba. A ranar kuma ruwan shuka ya sauka. Ƙasa na ƙamshi, ina jin babana a tsakar gida yana raba wa yayyena sungumi da ƙwaryar iri. Na dubi hannun, na dubi ƙwaryar furar Iya. Sai na mai da bandejin da kaina, na ɗaure da haƙori.

Haka na wuce shuka, na wuce noman fari. Yayyena suna dawowa a gajiye, ni ina kan tabarmar Iya ina nishin ƙarya. Ban taɓa jin daɗin damina kamar wannan ba, ba zan ɓoye muku ba.

Baffa ne ya ɗauki laifin. Iya ta hana shi shigo da akwatin allurarsa ko zaure, ta daina aika masa da furar rana. Kullum da safe zai zo ya durƙusa a ƙofar ɗakinta, ita kuwa ta kau da kai.

"Malamin allura, ka zo ka ƙarasa mini shi ne?"

"Allah ya huci zuciyarki, Iya."

Ba gidan suna ko na biki da ba ta ba da labarin hannuna ba.

Wata rana da hantsi ya biyo ta bayan gari a kan kekensa, ya tarar da ni a gindin ɗinya ina harbin kurciya da danƙo, bandejin na rataye a reshe. Ya tsaya ya dube ni. Ya ce, "Ka iya saiti." Ya sauko da bandejin ya kakkaɓe, ya naɗa mini da kyau, ya hau kekensa. Bai gaya wa kowa ba. Bayan kwana biyu na ce na warke, Iya ta ce aikin man kaɗe ne. Iya ta koma aika wa baffa fura, amma labarin ya zauna a gari, har Iya ta rasu tana kan wannan magana.

Yanzu 'ya'yana a asibiti ake yi musu rigakafi, da kati, ba wanda ke jera su a gindin bishiya, kuma da wuya ka ga kakar da za ta ƙwace kwano saboda hagu. Nakan yi kewar wancan zamanin. Sai dai ƙaryata ta fi shi daɗewa.

A shekarun da aka fara shari'ar Musulunci ina sana'ar ɗinki a unguwar Takur, cikin birni. Na je gida, na tarar jita-jita ta cika gari a kan maganin rigakafi da ake ɗiga wa yara a baki. Na iske baffa, furfura ta fara fito masa, a ƙofar gidan maƙwabta da akwatinsa. Wata tsohuwa ta leƙo daga zaure, jikarta a goye.

"Ba kai ka kusa shanye hannun ɗan yayanka ba? Iya da bakinta ta gaya mana."

Baffa ya yi murmushi, ya fara rufe akwatin. Ko kallona bai yi ba. Sai na tattare hannun riga, na juya wuyan hannun a gaban tsohuwar, na ce ni ne ɗan yayan nasa, ta duba da kyau. Sannan na durƙusa a gaban baffa, yadda yake yi a da a ƙofar Iya.

"Baffa, kumburin kwana shida ne. Sauran kwanakin noma nake gudu, ƙwan zabi nake ci. Na bar ka da laifin shekara da shekaru. Don Allah ka yafe mini."