Ƙananan Idanu a Bayan Igiyar Ƙasa

A kakar da maciji ya sari yayata a gonar gero kusa da Bonkuku, ina aiki a gidan rediyo a Filinge, ina shirya wani shiri kan asalin sunayen taurari da dabbobi a Girkanci da Latin. Ko da na isa gidan likita, ƙafarta ta kumbura har gwiwa, dasashinta yana tsattsafar jini.

Majo, wato babban ma'aikacin jinya, ya ce maganin da ya rage masa na maciji iri guda ne, wanda likitoci ke kira Echis ocellatus. In wani ne daban ya sare ta, sai Yamai, kuma hanya da nisa. Yaya ce kaɗai ta ga macijin, ga shi a wajenmu ba a ambatar sunansa a gaban wanda ya sara. An ce dafin yana jin kira, sai ya hau zuciya. Igiyar ƙasa kawai ake cewa.

"Kai mai rediyo, na san bakinka," in ji Inna, mahaifiyarmu, ta tare gado. "Wanda duk yak kira abin nan nan, ba ni ba shi."

Yaya ta juya fuska ga bango. Ta yarda da maganar Inna, kuma tsoro na iya hana ta amsa komai.

Na san kububuwa majo yake nufi. Echis sunan maciji mai dafi ne a Girkanci, ocellatus kuwa a Latin mai ƙananan idanu, saboda ɗige-ɗigen bayanta. Na durƙusa a gefen gado.

"Yaya, ba suna nika so ba. Igiyar ga, mi kinka gani bisa bayanta?"

Ta juyo da fuskarta daga bango.

"Hwararen tabo," ta ce. "Jere, kamar ana kallona."

"Gajera ko doguwa?"

"Ba ta kai kamu biyu ba. Tana goga jiki, tana ƙara kamar an zuba ruwa cikin mai."

Na gyaɗa wa majo kai, alamar ita ce. Ya ɗaura mata ruwa da maganin. Daga baya ya ɗebi jininta cikin ƙaramar kwalba ya ajiye a tebur. Ya ce in ya daskare, magani ya kama. Muka zauna muna kallon kwalbar, Inna tana jan carbi. Da ya karkata ta, jinin bai motsa ba.

Inna ta shafa goshin Yaya, ta ce, "Kun gani? Don ba a kira shi ba."

Ban yi mata gardama ba.