Hannun Aro

Shekara talatin da biyu Mai Lodi ya yi yana shirya kaya a manyan motoci, kuma ba ya taɓa kwali sai in zai nuna wa wani wautarsa. Aikinsa tsayawa ne a bakin sito, ya dubi kaya sau ɗaya ya ce, "Kwantar da shi. Tura can lungu." Direbobi kan jira shi komai daɗewa, don motar da ya shirya ko ta faɗa rami ba a jin motsin komai a cikinta. Mutum ne mai mita, gaskiya. Ko takalma ya tarar a ƙofar ɗaki sai ya jera su yana faɗa.

Da ya bar aiki ya addabi kowa a gida. Autarsa, wadda tela ce, ta samo masa wata tsohuwar na'urar wasa ta hannu a wajen 'yan gwanjo, irin wadda tubala ke faɗowa daga sama, kana juya su kana jerawa, layin da ya cika ya ɓace. Ya ce shirme ne. Bayan sati ɗaya, sai an kira shi sau uku yake zuwa cin abinci.

Ana nan sai ɓarin jikinsa ya shanye. Hannun dama ya daina aiki, harshe ya yi nauyi. Shi da bakinsa ya roƙi Auta ta riƙa biyowa in ta tashi daga shago, ta riƙe masa na'urar, yana faɗa tana dannawa.

"Hagu. Juya. Sake shi."

Magani, wanka, kwanciya, duk umarni ake ba shi. A yini guda, nan kaɗai ake yin abin da ya ce, kuma Auta ta san haka sarai.

Sai dai tubali ba ya jiran mai nauyin harshe. Kafin ya gama furta "juya", abin ya zauna a karkace, wasa ya mutu, a koma farko. Auta ta fara yi masa riga-kafi, tana dannawa kafin ya faɗa. Daga nan ta daina sauraro. Ta ce wa kanta taimakonsa take yi, alhali daɗin wasan ne ya kama ta.

Ran nan hannunta ya zauna. Layi huɗu suka ɓace lokaci guda, makin ya wuce duk wanda babanta ya taɓa ci lokacin yana da hannu biyu. Ta ɗago tana dariya.

"Baba, ka ga abin da muka yi?"

Sai a sannan ta ji ɗakin tsit. Ba ta ma san tun yaushe ya yi shiru ba. Taga yake kallo.

"Kin iya," ya ce da ƙyar. "Tafi da ita."

Kunya ta rufe ta, ta rasa inda za ta sa kanta. Washegari ta dawo da sabon batir, ta zauna a gefen gadonsa.

"Baba, don Allah faɗa mini. Wallahi abin da ka ce shi zan danna."

Ta ɗage yatsunta tana jira. Tubalan suka yi ta hawa kan juna a tsakiya har suka toshe sama, bai ce uffan ba.

Wata bakwai ya yi a duniya bayan wannan. Kullum takan zo da na'urar a jaka, kullum ya tambaye ta shago, ya tambaye ta yara, ya sa mata albarka. Bai sake ce mata hagu ko dama ba.