Kujerar Hagu a Motar Noel Bantick

Da na dawo Deloraine, garinmu da ke tsibirin Tasmaniya, bayan shekarun karatu a Kanada, na daɗe ban ga abin da zai sa mai hankali ya sayi mota a cikin akwatuna ba. Ba rufi, ba ƙofa, ba wurin ajiye ko da jakar cefane, kuma sai ka haɗa sassanta ka ɗaura ta da hannunka kafin ka hau. Duk Lahadi nakan ga dattawan garinmu sun jeru a cikin irin waɗannan motoci, suna zaune dab da kwalta, hanci ya yi ja don sanyi, sai in ce a raina wasan yara ne ya faɗa hannun 'yan fansho. Har yau ban gama barin wannan ra'ayi ba. Amma maƙwabcina Noel Bantick ya sa na daina yi musu dariya da sauri.

Noel ya yi rayuwarsa yana gyaran tankunan sanyaya madara a gonakin shanu. Mutum ne siriri, marar yawan magana, wanda in ka tambaye shi lafiya sai ya ba ka labarin ruwan sama. Da ya yi ritaya, abin da ya fara saya shi ne motar. Ta ƙetaro teku zuwa Tasmaniya a jirgin ruwa: ƙashin ƙarfe guda, fallayen alminiyon, da buhunan noti da ƙusoshi. Injin kuwa daga wata tsohuwar mota ya ciro shi.

Ba shi kaɗai ya ɗaura ta ba, ko da yake a ƙungiyar masu irin wannan mota sunansa kaɗai ake faɗa. Matarsa Glenys, wadda ta yi aikin ɗinkin labule da rigunan kujeru, ita ke riƙe masa fitila, ita ke danne alminiyon yana buga ƙusa. Inda hannunsa ya kasa shiga, nata ke shiga. Kujerun biyu ma ita ta ɗinka, koraye masu duhu. Ranar da injiniyan da hukuma ta amince da shi ya duba motar ya sa hannu, ita ce ta fara zama a kujerar hagu, ta gefen direba, don a nan sitiyari a dama yake, kuma tun daga nan babu fitar Lahadi da aka yi ba ta ciki. Ga bargo a gwiwarta, ga filas ɗin shayi tsakanin ƙafafunta, tana faɗa masa inda zai karya kwana.

Masu irin wannan mota ba sa taƙama da girman inji. Taƙamarsu rashin nauyi. Sau ɗaya a shekara, bayan an gama haƙar dankali, ƙungiyar kan taru a rumbun wani manomi, a tura motocin ɗaya bayan ɗaya kan babban sikelinsa. Wadda ta fi sauƙi ita ke da kofin gasa, wani tsohon fistin inji da aka huhhuda aka kafa a kan katako, kuma mai ita ne ke jan ayari a hanyar komawa gari. Shekara da shekaru Merv Dornauf ke ɗauka. Merv mahauci ne, ƙato mai ƙatuwar murya, wanda sai ya cire sitiyari kafin ya iya shiga motarsa.

Karon farko da Noel ya tura tasa kan sikeli, Merv ya leƙa ya ga kafet da hitar ɗumama ƙafa da safayar taya.

"Tsoho, ai ka manta talabijin a gida," in ji shi. "Ko Glenys ce ta hana ka ɗauko falon gaba ɗaya?"

Aka yi dariya, Noel ma ya yi. Amma maganar ta bi shi gida ta zauna.

Kafet ya fara fita. Sai safayar taya, sai hita. Ya musanya babban gilashin gaba da wani ɗan ƙarami da bai wuce tafin hannu biyu ba. Ya sayi ma'aunin kicin yana auna noti. Duk ƙarfen da ya ga zai jure, sai ya huda shi. Glenys kuwa sai ta yi shirin sanyi. Ta ƙara bargo na biyu, ta saƙa wa kanta hular ulu mai rufe kunne. Kowace shekara tazarar da ke tsakaninsa da Merv tana raguwa, Merv kuma ba ya fasa zolaya. In ya ga Noel zai hau sai ya ce masa ya aske gashin baki ma, ko zai taimaka.

A shekarar da abin ya faru, Glenys ta tafi Launceston wurin ƙanwarta ana gobe awon motoci, ta ce sai Litinin. Da safe Noel ya tsaya a gareji yana kallon motar, babu abin da ya rage a cire. Sai idonsa ya sauka kan kujerar hagu. Ya ce wa kansa ai yau babu mai zama, kuma noti huɗu ne kawai, kafin yamma ya mayar. Ya kwance ta, ya kwance bel ɗinta, ya rataye su a ƙusa. Da ya tsaya a nan, da babu wanda zai ji labari. Amma sai ya ga ƙarafan da kujerar ke ɗaure a kansu, waɗanda aka yi wa walda a jikin ƙashin motar, masu kauri, yanzu ba su riƙe da komai. Ya san sarai cewa in an yanke su, ba a mayarwa sai da sabuwar walda da sabon sa hannun injiniya, injiniyan kuwa sai an yi watanni ana jiransa. Ya sani, ya ɗauko injin yanka. Bayan ya gama ya rufe gefen da fallen alminiyon, sumul, kamar ba a taɓa zama a wurin ba.

Ya ci. Tazarar ba ta kai nauyin bulon biredi biyu ba. Merv ya zagaya motar sau biyu, ya ƙwanƙwasa alminiyon da yatsa, ya ce lallai yau an yi masa wayo. Aka miƙa wa Noel kofi, aka buɗe kwalabe, nama na gasuwa a bakin rumbu. Yana tsaye da fistin ɗin a hannu, yana murmushin da ya daɗe bai yi ba, sai ga Glenys ta shigo.

Ƙanwar tata ta yi baƙi, ita kuma ta tuna yau ranar awo ce, sai ta hau bas ta dawo, ta sa matar wani ta rage mata hanya zuwa rumbun. Tana riƙe da gwangwanin kek, hular ulun tana kanta. A shirye take ta koma gari a gaban ayari idan mijinta ya ci.

Ta taya shi murna tukuna. Sannan ta nufi motar ta gefen hagu don ta ajiye jakarta, kamar yadda ta saba. Ta tsaya. Ta daɗe tana kallon alminiyon. Ta sa hannu ta ɗaga gefensa, ta ga inda aka yanke ƙarafan, yankan sabo yana ƙyalli. Ita ta riƙe fitila lokacin ɗaura motar, ba sai an yi mata bayani ba.

"Zan mayar," in ji Noel.

"Da me?" ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba.

Maza suka shiga kallon takalmansu. Glenys ta buɗe gwangwani ta yanka kek ta bi kowa ta ba shi, har da Noel, shi kuwa ya riƙe nasa bai ci ba. Da lokacin tafiya ya yi, Merv ne ya zo wurinta, ya cire hularsa, ya ce kujerar hagu ta motarsa ba ta kai tata daɗi ba amma tana nan in tana so. Bai ce wa Noel uffan ba, kuma daga baya Noel ya ce mini da ya zage shi da ya fi masa sauƙi.

Haka Noel ya ja ayari zuwa gari. Madubi ɗaya ya rage wa motar, ɗan ƙarami, kuma tun daga rumbun har gadar shiga gari abin da ke cikinsa ke nan: motar Merv, da hular ulun Glenys a gefen hagu.

A gida ba a yi faɗa ba. Ta dafa abinci, ta tambaye shi ko ya kunna wa tumatir ruwa. Washegari ya ga bargunan biyu a wanke, a ninke, a saman kabad ɗin da suke ajiye abin da ba a amfani da shi. Kofin kuwa ya rasa inda zai sa shi. A falo ba zai iya ba, a gareji yana kallonsa, mayarwa kuma sai shekara ta zagayo. Ya juya shi ya fuskanci bango.

Ya yi waldar cikin makon, ya shiga layin injiniya. Duk tsawon jiran bai fita Lahadi ko ɗaya ba. In ya ji ƙarar ayarin ta nufo titinmu sai ya shige bayan gida ya kama sare-saren da ba a buƙata. Ya daina sayen nama wurin Merv, ya koma saya a babban kanti, har Merv ya aiko masa da saƙo cewa kunya ba ta hana cin tsiran naman kirki. Injiniyan da ya zo ya duba waldar, ya tambayi dalilin yanke ƙarafan da shi kansa ya amince da su a baya. Noel ya ce kuskure ne. Injiniyan ya kalli ramukan da ke ko'ina a jikin motar, ya sa hannu, bai ƙara tambaya ba.

Ranar Asabar Noel ya ɗaura kujerar, ya goge ta, ya turo motar tsakar gida inda za a gan ta daga tagar kicin. Ya shiga ya tsaya a bayan Glenys tana wanke kwanuka, ya ce gobe za a je bakin tafki, kuma an ce ba za a yi ruwa ba. Ta ce ya gaida su Merv. Mako na gaba ya sake, ta ce tana da ɗinki. A na uku ya kasa kewaye-kewaye, ya ce ya yi abin kunya, kuma motar ba ta da amfani a wurinsa in ba ta ciki. In ta ce a sayar, gobe zai sa ta a kasuwa.

Ta tsane hannunta, ta juyo.

"Wa ya ce a sayar? Rabinta ni na ɗaura. Amma ba zan ƙara zama a kujerar da za a iya cirewa in na juya baya ba."

"To, ina za ki zauna?"

"Ba ni makulli, Noel."

Yanzu Glenys ke tuƙi. Tana tuƙi a natse, ba ta yanke kwana, kuma ba ta damu da ko su ne na ƙarshe a ayari ba. Merv ya dawo da zolayarsa, yana tambayar Noel ko uwar ɗakinsa ta ba shi izinin riƙe filas. Noel yakan ce ta ba shi. A awon da ya biyo baya ya kai kofin ya ajiye a kan sikeli tun kafin a fara, bai tura motarsa ba.

Wata Lahadi bayan sun dawo na same shi a gareji, Glenys ta shiga gida, shi kuma bai fito daga kujerar hagu ba. Na tambaye shi ko akwai abin da ya gani daga wannan gefen wanda bai sani ba a da.

Ya kama hannuna ya kai shi ƙarƙashin allon gaba, inda wani bututun ƙarfe ya gitta. Ko'ina fentin baƙi ne, sai wuri ɗaya, daidai faɗin tafin hannu, inda ya goge har ƙarfen ya yi santsi.

"Nan take riƙewa," ya ce. "Ni ma ranar farko hannuna da kansa ya je wurin. Duk shekarun nan ina shan kwana ina tsammanin daɗi take ji. Ashe tsoro take ji, kuma ba ta taɓa fasa shiga ba."